Akwatin Saman Murhu

Lokacin da motar 'yan sanda ta karyo kwanar layin, an riga an rataya wa mutumin taya a wuya.

Sufeto Abdullatif bai jira direba ya gama taka birki ba. Ya ɓalle ƙofa ya diro, ya kutsa cikin taron yana ture mutane da kafaɗa. Wani ya kai masa gora ta same shi a gwiwar hannu, ko waiwaye bai yi ba. A ƙofar wani gida mai jan get, wani Bafulatani ne kwance cikin ƙasa, riga a yage, jini na gangarowa daga goshinsa yana shiga ido. Wani matashi na tsaye a kansa yana kokawa da murfin jarkar fetur.

"Saje Haladu!"

Sajen ya ɗaga bakin bindiga sama ya saki harbi. Taron ya dare. Sufeto ya yi ƙafa da jarkar, ya fizge tayar daga wuyan mutumin ya yi jifa da ita.

"Duk wanda ya ƙara taɓa shi, da ni zai yi."

"Yallaɓai, kisan kai ya yi!" Wani ƙaton mutum ne ya fito gaba, mai faɗin ƙirji, bakinsa jawur da goro, yana magana yawu na fesowa. "Da idona na gan shi ya hito daga gidan ga da gudu, jini dut a jikinshi. Dauda kafinta na ciki kwance. Su ne dai, su ne kullum!"

"Kai wane ne?"

"Ɗanmaliki. Mai buga kwano. Kaf Kankia da Kusada babu wanda bai san ni ba. Dauda abokina ne tun muna yara."

"To, abokin mamaci, ja da baya."

Aka cicciɓi Bafulatanin aka jefa bayan mota, ɗan sanda ɗaya ya tsaya a kansa. Sufeto ya tura get ɗin ya shiga.

Gidan shiru, babu kujera babu labule, sai ƙamshin sabon katako da gam. A ƙofar kicin wata dattijuwa ce tsaye, ta dafe bango, tana shaƙar ɗan abin fesawa na masu ciwon asma. Ita ce Hajiya Rauda, mai gidan. Ta yi aikin jinya a Kaduna har ta yi ritaya, ta dawo gida Kankia tana gyaran gidan da mijinta ya rasu ya bari.

Kicin ɗin ya sha aiki. Kabad-kabad masu launin madara sun zagaye bango, sama da ƙasa. A saman murhun gas an kafa wata hular ƙarfe mai fanka a ciki, irin wadda ke zuƙe hayaƙin girki. Daga kan hular wani dogon akwatin katako ya miƙe, ya bi ƙarƙashin silin har ya dangana da bangon waje.

Dauda na kwance a gindin murhun, fuska a ƙasa.

Sufeto ya tsuguna ya ɗaga gashin ƙeyarsa da bakin biro. Ƙashin ya lotsa ciki. Raunin a zagaye yake, kamar an danna bakin kwalba cikin ɗanyen yumɓu.

"Wannan ba sanda ba ce, Saje. Ba kuma adda ba."

"To mene ne, Oga?"

"Abu mai ƙaramin kai, mai nauyi."

Ya buɗe tafin hannun gawar. Sukurori ne ƙanana a dunƙule a ciki. Na'urar ɗaure sukuru na yashe gefe guda.

"Hajiya, me ke cikin akwatin can na sama?"

"Bututun hayaƙi ne." Ta ja numfashi da ƙyar. "Ƙirjina ba ya son hayaƙi, shi ya sa na sa fankar. Amma ba na son ganin ƙarfen tsirara, sai ka ce shagon mai gasa burodi. Na ce Dauda ya rufe shi da katako ya saje da kabad."

"Wa ya haɗa bututun?"

"Ɗanmaliki. Ya gama nasa tun makon jiya."

"Kin taɓa samun saɓani da Dauda?"

"Ni? Ko kusa."

Ta faɗa da sauri, idonta a kan tayil. Sufeto ya lura.

"Jiya da na leƙo," ta ƙara, "gaban akwatin a buɗe yake. Ina kwana gidan ƙanwata ne har a gama aikin."

"Ke nan ya gama rufewa aka kashe shi," in ji Saje Haladu. Ya nuna sama da baki. "Oga, dubi har can jini ya fantsama."

A gefen allon da ya rufe gaban akwatin akwai wasu ɗigo-ɗigo jajaye a jere. Sufeto ya fara neman abin takawa. Sai ga ƙarar fashewar gilashi daga waje, ihu ya sake tashi.

"Oga, sun fara jifan mota!"

Ya bar ɗan sanda ɗaya a ƙofar kicin, ya ce ko Hajiya kada ta shiga in an ɗauke gawar. Suka fita a guje. Duwatsu na sauka a kan rufin motar har suka bar layin.

A ofis an wanke wa mutumin goshi an naɗe da bandeji. Sunansa Jaji. Rugarsu na bayan Tafashiya. A bakin get matarsa Adda na zaune a ƙasa, ta kife ƙwaryar nononta, ta ƙi tashi.

"Me ya kai ka gidan Hajiya Rauda?"

"Ban shiga ba, Yallaɓai. Wucewa nake."

"Wucewa." Sufeto ya kama hannun rigarsa ya ɗaga. "Naka jinin ga shi a wuya, ja ne, sabo. Wannan na hannun riga ya bushe ya yi baƙi. Ga garin katako manne a gwiwarka. A titi ka durƙusa a kansa?"

Sufeto ya saki hannun rigar.

"Ka ji ni da kyau. In na buɗe maka ƙofar nan, ba za ka kai bakin kasuwa da rai ba. Ni kaɗai nake tsakaninka da tayar nan. Kada ka yi mini ƙarya."

Idon Jaji ya ciko.

"Na shiga."

"Yin me?"

"Garin katako. Dauda kan tara mini a buhu, ina shimfiɗa wa maruƙa saboda damina. Adda kuma ta ba shi kindirmo. Haka muke yi da shi. Na yi sallama ba a amsa ba. Na leƙa, na gan shi ƙasa. Na ɗago shi, yana da sauran rai."

"Ya yi magana?"

"Ya ɗaga yatsa sama. Ya ce, 'Bututu.' Ya sake cewa, 'Bututu.' Sai ya saki."

"Me ya sa ka gudu?"

Jaji ya dube shi da ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe.

"Yallaɓai, Bafulatani ne ni, ga gawa a hannuna. Kai da za ka tsaya?"

Sufeto ya wuce zuwa wata tambayar.

"Da ka fito, wa ka fara gani?"

"Mai jan bakin nan. Yana tsaye gindin dalbejiya. Kafin in buɗe baki ya kwarma ihu."

Wayar Saje Haladu ta yi ƙara. Ya saurara, fuskarsa ta canja.

"Oga, likita ya gama, an tafi da gawa Ƙofa, garinsu. Amma akwai matsala. Samarin can sun haɗa babura. Sun ce da an dawo daga maƙabarta, rugar su Jaji za su. Mata da yara na ciki."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

Hanyar Kusada ta sha ruwa, motar na tsalle cikin kwazazzabai, gero da dawa sun yi kore shar hagu da dama. Suna shiga Ƙofa suka ga baburan a jere a ƙarƙashin wata tsamiya, an ɗaure jarkoki a bayansu. Samari na zaune a kan dakali suna wasa adduna a jikin dutse. Babu wanda ya gaishe su.

Wata tsohuwa ta kai Sufeto ƙofar ɗakin Sa'a, matar mamacin. An saki tabarma a ƙofar. Ya tsuguna daga waje.

"Ya haƙuri, Malama Sa'a? Allah ya jiƙansa."

"Amin." Muryar ta dushe da kuka.

"Jiya da ya dawo, yaya kika gan shi?"

"Bai ci tuwo ba. Ya zauna yana ta juya cokali cikin miya. Na ce, mi ya faru? Ya ce ya kunna fankar Hajiya don ya gwada kafin ya rufe, ya ƙona takarda a ƙasanta, hayaƙi ya ƙi tahiya. Ya sa hannu cikin bututun, ya taɓa abin da bai so taɓawa ba."

"Mene ne?"

"Bai faɗa ba. Ya ce ba maganar mata ba ce. Ya hita waje da waya, na ji yana cewa, 'Ka zo ka kwashe da safe, in ba haka ba wallahi ba ni rufewa, wurin mai unguwa za ni.'"

"Da wa yake magana?"

"Ban sani ba. Amma ba baƙo ba ne. Ba a yi wa baƙo irin wanga faɗa."

"Shi da Hajiya Rauda fa?"

"Sun yi cacar baki. Ita tana son a like akwatin gaba ɗaya, shi ya ce a'a. Ya ce maiƙo na taruwa cikin bututu, dole a bar allon gaba a kan sukuru don a riƙa kwancewa ana wankewa, in ba haka ba wata rana gobara ce. Har ta ce mai taurin kai ne. Shi ko Dauda ko kujerar tsuguno ya yi mini, da sukuru yake ɗaurewa. Ya ce ƙusa ta masu gaggawa ce."

Sufeto ya gyaɗa kai. Ƙaryar Hajiya ƙarama ce ashe, kunyar ta yi faɗa da mamaci ce kawai.

"Tambaya ɗaya ta rage. Yana cin goro?"

"Dauda? Ko a ɗaurin aure aka ba shi, ni yake kawo wa."

Ya yi godiya ya miƙe. A ƙofar gida an fito da makara. Wani dogon saurayi mai jajayen idanu ya tare shi. Musa ne, ƙanen Dauda.

"Kun ɓoye shi ko? To ku riƙe shi. Mu mun san inda danginshi suke."

"Musa, je ka binne ɗan'uwanka. In an gama, ka shigo motata mu koma Kankia. In ban nuna maka wanda ya kashe shi ba, ka dawo ka hau babur ɗinka."

"In kuma na ƙi?"

"Sai ka fara bi ta kaina. Kuma gobe uwarku ta rasa 'ya'ya biyu."

Ɗanmaliki na tsaye a bayan Musa, ya dafa kafaɗarsa, yana tauna.

"Kada ka yarda, Musa. Jan ƙafa ne. So suke su kwashe shanunsu su tsere."

"Yawwa, Ɗanmaliki," in ji Sufeto da fara'a. "Dama kai nake nema. Rabonka da cikin gidan Hajiya fa?"

"Tun makon jiya da na gama bututu. Ko get ban ƙara taɓawa ba."

"To yau me ya kai ka layin?"

"Wucewa nake, Yallaɓai."

"Kowa wucewa yake yau. Ka biyo mu. Akwai abin da ban gane ba a aikin ƙarfen nan, kai ne gwani."

Ɗanmaliki ya daina tauna. Ya dubi samarin, duk idonsu na kansa.

"Ai ba komai," ya ce.

Bayan an rufe Dauda, Musa ya ce wa abokansa kada kowa ya tada babur sai ya kira. Suka kama hanyar Kankia. Ɗanmaliki ya ɓare wani goron ya jefa a baki.

Suka tarar da Hajiya Rauda zaune a tsakar gida. Jinin kicin ya bushe, shacinsa na nan a kan tayil. Sufeto ya sa Saje Haladu ya tsaya a bakin ƙofa.

"Hajiya, akwai wuta?"

"Sola ce. Akwai."

Ya danna maɓallin fankar, ta ɗauki gurnani. Ya yagi kwali ya kunna masa ashana, ya riƙe a ƙarƙashin hular. Hayaƙin ya hau, ya yi kamar zai shige, sai ya dawo yana tuɗaɗowa ta gefe, ya cika musu ido. Hajiya ta fara tari, ta ja baya.

"Musa, leƙa ta taga. Ga bakin bututun can a bango. Akwai abin da ke fita?"

"Babu."

"Ɗanmaliki, bututunka ba ya ja."

"Wataƙila tsuntsu ya yi sheƙa."

"A mako ɗaya? Ƙwazon tsuntsu ke nan."

Sufeto ya kashe fankar, ya jawo bencin aikin Dauda ya hau. Yanzu ɗigo-ɗigon nan jajaye suna daidai hancinsa. Ya dube su da kyau, ya kankari ɗaya da farce, ya shinshina.

"Saje, jininka ba jini ba ne. Musa, hawo nan."

Musa ya hau.

"Dubi sauran akwatin. Da me aka ɗaure shi?"

"Sukuru."

"Kabad ɗin nan duka fa?"

"Sukuru. Yaya ba ya aiki da ƙusa."

"To wannan allon na gaba?"

Musa ya matsa da fuskarsa. Ƙusoshi ne masu faɗin kai kamar hula, an buga su a karkace, har ɗaya ta tsaga katakon.

"Wannan ai ƙusar kwano ce," ya ce a hankali.

"Ita ce. Ramukan sukuru ga su nan a gefe, yayanka ya riga ya huda, sukurorin na cikin hannunsa lokacin da ya faɗi. Wani ne ya rufe allon bayan an buge shi, da abin da ke aljihunsa. Yanzu gaya mini, mai buga kwano in yana saman rufi, hannu ɗaya guduma, ɗaya yana dafe da kwano, ina yake ajiye ƙusoshinsa?"

Musa ya juyo a hankali.

"A baki."

"A baki. Yana zaro su ɗaya-ɗaya. Hannu ya saba, ko a kicin haka zai yi. Shinshina kan ƙusar nan."

Musa bai shinshina ba. Bakin Ɗanmaliki yake kallo.

"Rabin garin ga na cin goro!" Ɗanmaliki ya daka tsawa. "Masu buga kwano kuma mun hi a ƙirga!"

"Gaskiya ne. Bari mu ga abin da tsuntsun ya ajiye."

Sufeto ya ɗauki ƙarfen cire ƙusa daga kayan Dauda, ya cusa a bakin allon ya danna. Katakon ya yi ƙara ya ɓalle. Wani abu mai nauyi ya zamo daga ciki, ya faɗo kan murhun ya fasa gilashinsa.

Guduma ce. Gashi da busasshen jini manne a kanta. An naɗe ƙotarta da jar roba, an ƙona harafin Ɗ a gindi.

Ɗanmaliki bai jira tambaya ba. Ya suri kurfi, ƙarfen sassaƙa mai kaifi, daga kan benci ya yi kan ƙofa. Saje Haladu ya tare shi, kurfin ya shige damtsensa, ya yi ƙara ya saki bindiga. Sufeto ya diro daga benci ya faɗa bayan ƙaton, suka zube tare a kan kabad na ƙasa, ƙofofin suka karye. Ɗanmaliki ya yi masa gula da gwiwar hannu a baki. Sufeto ya ji haƙori ya motsa, jini ya cika masa baki. Kurfin ya sake tasowa, ya tsarge masa riga daga kafaɗa har ciki. Ya kama wuyan hannun da hannu biyu ya maka shi a bakin tayil, ya sake makawa, sai da ƙashi ya yi ƙara kurfin ya faɗi.

Ɗan sandan da ke gadi ya shigo da gudu, suka danne shi, ankwa ta shiga.

Sai Sufeto ya ga inuwa a kansa. Musa ne, ya ɗaga gudumar da hannu biyu, daidai ƙeyar Ɗanmaliki.

"Musa."

"Matsa, Yallaɓai."

"Da safe saura kaɗan a ƙone wanda bai yi komai ba. Ka ajiye. Ba ka so ka ji dalili?"

Musa bai sauke ba. Hajiya Rauda ce ta shigo, tana tari, ta kama ƙotar gudumar.

"Ba ni, ɗana. Jinin gidan nan ya isa haka."

Ya sakar mata. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Hajiya ta yagi mayafinta ta ɗaure wa Saje damtse. Sufeto ya tofar da jini, ya sake hawa benci. Bututun ya fi ƙarfin fankar nesa ba kusa ba, faɗinsa ya isa mutum ya zura kai. A gwiwarsa, inda ya lanƙwasa zai bi bango, an bar haɗin babu liƙi. Ya zare shi, ya zura hannu har kafaɗa, ya jawo wani buhun taki da aka naɗe da roba.

Ya kwance buhun a kan tayil. Bindigogi biyu ne a wawware, da ƙunshin harsasai.

"Innalillahi," in ji Hajiya. "A saman tukunyata?"

"Shi ya sa ka yi bututun da faɗi haka," in ji Sufeto. "Gidan da babu kowa, kicin ɗin dattijuwa, a rufe da katako mai kyau. Wa zai duba? Na wane ne?"

Ɗanmaliki na kwance, kumatu a ƙasa, jan yawu na dalala.

"Na mutanen daji ne."

"Tun yaushe kake musu aiki?"

"Tun bara. Na je buga rufi wani ƙauye suka tare ni. Sun san gidana. Sun san makarantar da ɗiyata Kamila take zuwa, har launin hijabinta suka faɗa mini. Suka ce ajiya kawai."

"Dauda fa?"

"Ya kira ni jiya. Na zo da safe na roƙe shi. Na ce, Dauda, rufe kawai, yau za su aiko a ɗauka, ba wanda zai sani. In na hita da kayan ga da rana aka kama ni, na mutu, in suka ɓace, Kamila ta mutu. Ya ce shi ba ya rufe wuta a saman kan Hajiya. Ya juya zai ɗauki waya. Gudumar na hannuna. Ban san sanda ta sauka ba."

"Amma ka san sanda ka jefa ta cikin akwatin, ka ɗauki gudumar Dauda ka buga ƙusa. Ka kuma san sanda ka tsaya gindin dalbejiya kana jiran wanda zai shigo."

"Na san Jaji na zuwa ɗaukar garin katako."

"Ka san in ka ce Bafulatani, ba wanda zai tambaye ka hujja."

Sufeto ya sunkuyo kansa.

"Kuma ka bi gawar har Ƙofa, ka dafa kafaɗar ƙanensa, kana zuga a je a ƙone mata da yara. 'Yarka kaɗai ce 'ya?"

Musa ya zaro waya daga aljihu. Sai da ya yi ta latsawa kafin yatsansa ya sami lambar.

"Ku sauke jarkokin nan," ya ce. "Na ce ku sauke. Ba shi ba ne. Ɗanmaliki ne. Na gani da idona." Ya saurara. "Wanda dut ya tada babur, ni da shi ne."

Ya kashe wayar. Ya daɗe yana kallon shacin jinin da ke kan tayil.

"Yallaɓai, shi Bafulatanin… yana ina?"

"Yana ofis. Shi ya riƙe kan yayanka har ya cika."

Musa ya goge ido da bayan hannu.

"Ina so in gan shi."

Aka tasa ƙeyar Ɗanmaliki zuwa mota, hannunsa da ya karye na reto cikin ankwa. Mutanen layin da suka yi jifa da safe sun fito sun yi cirko-cirko. Aka saka buhun, aka saka Saje Haladu a gaba don a biya da shi asibiti, Hajiya ta shiga kusa da shi tana danne raunin. Musa ya hau baya.

"Ku sallami Jaji, ku kai shi ruga da mota, shi da matarsa," in ji Sufeto. "A tura mutum biyu gidan Ɗanmaliki, a ɗauko Kamila da uwarta. Sannan ku dawo ku ɗauke ni, zan rufe gidan."

Motar ta tashi, jama'a suka bi ta a baya. Layin ya zama wayam.

Sufeto ya koma ciki. Ya cire yagaggiyar rigar ɗamarar ya jefa a kan benci, ya wanke baki a famfo. Daga shi sai singileti, garin katako ya manne masa a wando da gashin kai. Ya soke ƙaramar bindigarsa a ƙugu ta baya, ya ɗauki allon da ya ɓalle yana duba ƙusoshin.

Sai ya ji babur ya tsaya a waje. Aka ƙwanƙwasa get, a hankali, da ladabi.

Ya buɗe da allon a hannu. Wani siririn mutum ne cikin doguwar rigar ruwa, ya naɗe rawani har hanci. A bakin layi wasu babura biyu na tsaye, ba a kashe injinsu ba.

Baƙon ya dubi singiletin, ya dubi garin katakon, ya dubi allon.

"Sannu da aiki. Kai ne kafintan?"

"Ni ne."

"Ɗanmaliki ya ce akwai saƙona a saman murhu."

Sufeto Abdullatif ya ja get ɗin ya ƙara buɗewa, ya matsa gefe, hannunsa na dama ya zame zuwa bayansa.

"Yana nan," ya ce. "Shigo daga ciki."